Tanko Mai Ɗanɗana Yashi

Ku da kuka san Yaya Tanko ba sai na tuna muku ba, mutumin nan ba ya wuce tulin yashi bai tsaya ba. Ko ɗaurin aure za shi, ko ana jiransa a bakin kasuwa, sai ya durƙusa, ya ɗebo ɗan kaɗan da yatsu uku, ya hure, ya jefa a baki. Sai ya lumshe ido yana juya shi a kan harshe, haƙora na ƙaras-ƙaras, har kai da kake kallo naka haƙoran su mutu. Can sai ya tofar, ya shafa gemu, ya ce, "Baki ya ƙi." Ya kaɗe gwiwa ya kama gabansa, ko a jikinsa.

Ni Kande taubashiyarsa ce, uwata ƙanwar babansa, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Birnin Gwari. Da yake ni 'yar mace ce shi ɗan namiji, tun muna ƙanana baiwata yake ce mini, ni kuwa ban taɓa raga masa ba. Na sha ce masa, "Yaya, akuya ma ganye take ci, kai wane irin dabba ne?" Sai ya ce, "Irin wanda ya mallake ki." Mun yi shekara hamsin muna wannan, kuma yau da zan samu wanda zai sake ce mini baiwa da murna zan amsa.

Har a masallaci bai bari ba. Marigayi maigidana ya ba ni labari, ranar da aka zuba sabon yashi a masallacin unguwa, ana sallame azahar sai aka ji ƙaras-ƙaras a sahun gaba. Liman ya waiwayo ya ce, "Malam Tanko, lafiya?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, na salla dai ya yi, amma kifi ba zai haihu a kansa ba." Liman ya ce, "To alhamdu lillahi, da ma ba mu gayyaci kifi ba."

Duk wannan wahala saboda kifi biyu ce, karfasa, da yake kiwo a gida. Ya ce karfasa da baki take taɓa komai, ta ɗebi yashi ta tauna ta furzar, don haka shi ma da baki zai zaɓa mata. Kada ya yi kaifi ya yanke ta, kada ya yi laushin turɓaya ya dama ruwa, kada a ji kanwa a cikinsa, kada a ji wari. Tsakuwa kuwa ko kallonta ba ya yi, wai wa ya taɓa kwantar da amarya a kan tsakuwa.

Ga waɗanda ba su san mafarin abin ba, a shekarun da aka yi rububin zinare a ƙasar nan, Yaya Tanko kuku ne a gidan wani Bature mai kula da haƙa wajen Kakangi. Baturen yana da wani akwatin gilashi, tsawonsa kamu uku, cike da ruwa da 'yan kifaye, kuma Yaya ne ke canza ruwan. Da yaƙin Turawa ya taso aka kira Baturen gida, sai ya raba kayansa. Ya ce wa Yaya ya zaɓa, ko keke ko akwatin. Labari ya riga shi isowa gari. Matarsa Asabe ta share tsakar gida, ta gaya wa duk maƙwabta keke na tafe, mu kuma muka cika gidan muna jira.

Sai ga ƙarti huɗu sun shigo da akwati a kan gammo suna nishi, Yaya na biye yana yi musu tsawa kada su karkata.

Asabe ta ce, "Malam, ina keken?"

Ya ce, "Keke ba ya haihuwa."

Ta ce, "To wannan fa?"

Ya ce, "Waɗannan za su haihu, in Allah ya yarda. A gidan nan za su haihu."

Mun buɗe baki za mu yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Kowa a wurin ya san Asabe wabi take yi. 'Ya'ya huɗu ta haifa masa, babu wanda ya kai yaye. Duk huɗun suna kwance a bayan ɗakinta, kuma shi da hannunsa ya haƙa kowane kabari, ya hana a taya shi. Asabe ta dubi kifayen nan ta dube shi, ta shiga ɗaki ta ja asabari. Tun daga ranar na gane ba wasa ya kawo gida ba, so yake ya ga wani abu ya haihu a gidansa ya rayu, ko da kifi ne.

Ya kafa akwatin a ƙarƙashin rumfa a ƙofar ɗakinsa. Ya raba kifayen Bature ga masu so, ya bar biyu, ya sa musu suna Ango da Amarya. In ɗaya ya mutu ya je rafi ya kamo wani, sabon ya gaji sunan. Na ce masa ban taɓa ganin amarcin da ya shekara bakwai ba a ko yi ɓari ba. Ya ce, "Ba laifinsu ba ne, shimfiɗa ce ba ta yi ba." A wurinsa komai laifin yashi ne. Shi ya sa babu rafin da bai taka ba tsakanin nan da Kakangi, da buhu a kafaɗa, takalmi a hannu don kada ya cinye.

Ai kun tuna ranar da aka kama shi! Ya je inda masu wankin zinare ke zubar da yashin da suka gama tacewa, ya ɗanɗana, ya ji da dama-dama, ya cika buhu ya saɓo. Masu gadin wurin suka tare shi a hanya. Mutum da buhun yashi daga ramin zinare, me za su ce? Suka tasa shi gaba har wurin sabon Baturen da ya gaji aikin. Aka ce ya faɗi gaskiya. Ya ce kifi zai kai wa. Tafinta ya ƙi fassarawa, ya ce shi ba zai faɗi wannan magana a gaban Bature ba, a nemi wani.

Aka kira gwanayen wanki uku da ƙorensu. Suka wanke buhun nan tas, ba ko ƙyallin zinare. Bature ya ce a sake. Aka sake, babu. Aka yi na uku, rana ta take, masu wanki sun jiƙe sharkaf, Yaya na zaune a inuwa yana kallo ya harɗe ƙafa. Da aka ce ya tashi ya tafi ba shi da laifi, sai ya matso ya ɗebi yashin ya jefa a baki. Ya juya, ya juya, ya ce wa tafinta, "Gaya masa na gode ƙwarai. Amma da sauran laka kaɗan, in ba damuwa a ƙara sau ɗaya."

Da ƙyar ya tsira daga mari. Ya dawo gida yana yabon Turawa, wai ba a taɓa yi masa aiki mai kyau haka kyauta ba. Bayan wata biyu wannan yashin ma ya kwashe shi ya zubar a bayan gida, baki ya ƙi. Asabe ta ce in aka ci gaba a haka sai an hau tudu kafin a shiga makewayi.

Asabe ta fi kowa zagin kifayen nan. Sau nawa tana ɗaukar wuƙa tana cewa yau sai miya. Amma da ciwon ajali ya kwantar da ita a shekara ta biyar, ita ce ta ce a fito mata da tabarma ƙarƙashin rumfa. Ina shafa mata man shanu a ƙafa tana kallon akwatin, sai ta ce da ni a hankali, "Kande, Amaryar nan wayo gare ta. Ta ƙi haihuwa, ta huta da binnewa." Na ci gaba da shafa mata man. Bayan rasuwarta Yaya bai ƙara aure ba, duk da mun matsa masa. Duk wadda aka ambata masa sai ya ce baki ya ƙi, mu yi ta zaginsa, ya yi ta tankaɗe yashinsa.

Wadda ta warware masa wata tsohuwar Bagwariya ce mai kawo tukwane kasuwa daga wajen Randagi. Ta gan shi yana ɗanɗana yashin da aka zuba a gindin randunan ruwa, ta sauke kayanta daga kafaɗa ta ce, "Kai mai cin ƙasa, zo nan. Me kake nema?" Ya gaya mata. Ba ta yi dariya ba, ita kaɗai ce a ƙasar nan ba ta yi ba. Ta ce ya bar wahalar da kansa, ya je ya ɗebo daga inda kifin da kansa ya zaɓa. Ta kwatanta masa wani gurbi a cikin daji bayan Randagi, inda ruwa ke kwanciya da rani.

Wani Bafulatani da ya raka shi rabin hanya ya tsaya a bakin kurmi ya ce, "Baba, nan ko shanu ba ma kaiwa, ƙudan tsando ya yi yawa." Yaya ya ce shi ba saniya ba ne. Sau uku ya je, kowace tafiya kwana huɗu, ya dawo wuya da hannuwa duk cizo. Ranar da ya kawo buhu na ƙarshe ya leƙo ta katanga ya ce, "Baiwata, zo ki zama shaida." Ya kwance bakin buhu. Yashi ne ruwan ƙasa-ƙasa, ba wani kyau, ƙwayarsa ba ta kai gero ba. Ya jefa a baki ya lumshe ido, ya daɗe, har na ƙosa. Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Kande, baki ya karɓa." Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, maƙwabta suka fito suna tambaya wa ya haihu.

Ba a yi wata uku ba ya fara gyangyaɗi. Yana cikin magana sai ka ga kai ya langaɓe. Da farko tsokanarsa nake yi, ina cewa tsufa ya zo wa ubangidana. Rannan na same shi zaune da rana tsaka, rariya a cinya, ya yi barci da lomar tuwo a hannu. Daga ranar na daina tsokanarsa. Da masu duba wuya suka zo gari, waɗanda ke jera mutane suna lalube kaluluwa, suna taɓa shi suka ware shi gefe. Suka ce ciwon barci ne, wanda cizon tsando ke kawowa, sai ya zauna a sansaninsu an yi masa jerin allurai.

Ya ƙi tafiya sai da ya ba ni amana. Ya ce, "Dusa kaɗan da safe, da gara daga suri in kin samu. Kullum ki kwashe ƙwarya biyu ki zuba sabon ruwan da ya kwana a randa. Kada ki taɓa kifin."

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya dubi akwatin, ya fasa. Ya ce, "Shi ke nan."

To ku kun san halina. Ni ba na iya ganin abu a karkace in wuce, tsakar gidana sau uku nake share ta a yini. Kwana uku da tafiyarsa na zo da safe na tarar an yi ɓarna. Yashin nan da ya shimfiɗa sumul an haƙe shi a kusurwa, rami kamar na akushi, ga Ango a tsakiya, maƙogwaronsa ya yi ja, yana cika baki da yashi yana kaiwa gefe yana furzarwa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai ɗan banza! Mutum ya ba da lafiyarsa ya ɗebo muku shimfiɗa, yana juya baya za ka watsa ta?" Na ɗauko ludayi mai dogon hannu na zura, na mayar da yashin, na shafe da bayan ludayin ya koma sumul. Kifi dai ban taɓa shi ba, an ce kada in taɓa.

Washegari ramin ya dawo. Na shafe. Jibi ya dawo, har ya fi na jiya faɗi, Amarya na shawagi a bakinsa. Na kore ta na shafe. Abin ya zama rigima tsakanina da kifi, ina zuwa da ludayina ina cewa yau za mu ga wanda ya fi taurin kai a dangin nan. Har alfahari nake yi a bakin rijiya, ina cewa Yaya zai dawo ya samu kayansa yadda ya bari. Kwana goma sha tara muna wannan. A na ashirin na zo na tarar yashi lafiya lau, Ango ya koma kusurwa ya yi fari, ko motsi ba ya so. Na ce yawwa, ka ji jiki.

Aka dawo da Yaya a kan jaki, mutum biyu na riƙe da shi. Ya rame ƙwarai, allurar ba ta zo da wuri ba. Bai shiga ɗaki ba, ya ce a kai shi rumfa. Ya dafa akwatin ya daɗe yana duban yashin nan mai santsi, na ga kafaɗunsa sun sauka.

Ya ce, "Ba su taɓa shi ba ke nan."

Na ce, "Wa ya gaya maka? Ai wannan Angon naka maɓarnaci ne. Kullum sai ya haƙa rami, kullum sai na shafe. Ba don ni ba da ka tarar da kufai."

Ya juyo a hankali. Ya ce, "Rami?"

Na ce, "Ƙato, kamar akushi."

Ya ce, "Maƙogwaronsa ya yi ja?"

Na ce, "Jawur. Don fushi."

Sai ya zame ya zauna a ƙasa ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, hawaye na zuba, ni ma ina taya shi ban san me ake wa dariya ba. Da ya samu numfashi ya ce, "Kande, ɗakin haihuwa ne. Shi yake haƙawa, ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe. Ba ta ci ba ta sha sai sun yi ƙwari. Ko bayan sun fito, in abin tsoro ya zo sai su ruga su koma bakinta. Baturen ne ya gaya mini. Shekara bakwai ramin nan nake jira."

Ludayin yana hannuna a lokacin. Na sake shi ya faɗi ƙasa. Na ce, "Yaya, don Allah me ya hana ka gaya mini? Kalma ɗaya fa!"

Ya ce, "Tsoro. Cikin Asabe huɗu, kowanne tun bai fito ba nake bin gari ina faɗa don murna, ana ta yi mini barka. Kin ga yadda suka ƙare. Sai na ce wannan karon ko alamarsa ba zan furta wa kowa ba sai na gani da idona. Laifina ne, ba naki ba." Sannan ya ce, "Sau nawa ya haƙa?"

Na ce, "Goma sha tara."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ya fi ni ƙarfin hali. Ni huɗu na haƙa na gaji."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar nan ba, har rasuwar maigidana. Da ya zage ni da na samu sauƙi, amma ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi bayan nan, a kan tabarma gefen akwatin. Barcinsa ya fi farkawarsa yawa. Ni kuwa ina zaune na cusa hannuwana a cikin zane don kada su sake taɓa komai, ina roƙon kifi a zuciyata kamar mai roƙon mutum. Duk sanda ya buɗe ido sai ya ce, "Ya fara?" In ce, "Tukuna." Ya mayar da ido.

A rana ta goma sha ɗaya na ga numfashinsa ya canza. Da hantsi, yana barci, na ɗauki ludayin nan na zura, na haƙa rami a kusurwar da Ango ya saba, na gyara gefensa iyakar iyawata. Na ɓoye ludayin a bayan randa na tashe shi. Na ce, "Yaya, tashi ka gani, ya fara!"

Na tallafo kansa. Ya ƙura wa ramin ido ya daɗe. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ya ce, "Baiwata."

Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Wannan haƙar ludayi ce. Har ga sawunsa nan."

Na fashe da kuka na ce bari in shafe. Ya riƙe mini hannu, ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya ce, "A'a, bar shi. Tun da nake ba a taɓa haƙa rami a gidan nan don a faranta mini ba. Bar mini shi."

Bayan la'asar ya cika, fuskarsa na wajen akwatin. Na riƙe kifayen har ruwa ya sauka, Ango bai sake haƙawa ba, sai na sa aka mayar da su rafi.

Allah ya jiƙan Yaya Tanko, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya jiƙan Asabe. 'Ya'yansu huɗu, Amadu da Laraba da Ajuji da Abarshi, Allah ya sa su tarbi iyayensu a ƙofar Aljanna su riƙe hannunsu su shiga tare. Ni kuma da na shafe abin da ban sani ba, ku taya ni roƙo Allah ya yafe mini. Amin.